Buƙatar Da Aka Janye

Takardu masu yawa sun bi ta hannuna a tsawon aikina na adana bayanai, akasarinsu kuma na manta da su. Amma akwai buƙata guda da aka janye a gaban idona, wadda har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitocin karkara a ƙauyukan Batsari da Safana, cikin shekarun nan da 'yan bindiga suka raba manomi da gonarsa.

Hedkwatarmu ta kawo wata manhaja aka sa wa kowane ma'aikaci a waya. Duk mai neman wani abu wurin abokin aikinsa, magani ne ko babur ko izinin tafiya, sai ya shigar da buƙatarsa a ciki. Wanda aka nema wurinsa kuma ya danna, ko dai ya amince ko ya ƙi, sunansa da lokacin su zauna a rubuce. Buƙatar da ta kwana uku babu amsa sai ta koma ja, kuma hedkwata tana gani. Ni aka ɗora wa koyar da ma'aikata, na kuwa rungumi aikin hannu bibbiyu, domin na gaji da irin "to, za a duba" ɗin nan da ba ka sanin e ce ko a'a. A zatona an yi maganin saɓa alkawari ke nan a ofis. Yanzu idan na tuna wannan zaton, haushin kaina nake ji.

Muna da wani dattijon ma'aikaci mai riƙe da ɗan asibiti a wani ƙauye na yankin Ruma, dab da bakin daji. Mutanen ƙauyen Likita suke ce masa, mu ma muka bi bakinsu. Sai ya hau wani dutse a bayan gari yake samun sabis ɗin waya. Da damina ta yi nisa aka fara kore shanu a ƙauyukan kewaye, mutane suna ɗora kaya a kan jakuna suna barin gidajensu. Likita ya hau dutsensa ya shigar da buƙata ga shugaban ofishinmu, wanda ya ɗauka tamkar wansa: a ba shi izini ya rufe asibitin ya dawo Batsari har al'amura su daidaita.

Shugaban ya ga buƙatar, ya ƙi taɓa ta. Na san dalili. Idan ya amince, sunansa ne a kan rufe asibiti, abin da hedkwata ba ta son ji. Idan ya ƙi, wani abu kuma ya sami mutumin, sunansa ne dai. Ta kwana uku ta koma ja. A rana ta huɗu sai ga Likita da kansa a bayan babur, ƙafafun wandonsa duk taɓo. Bayan sun gama doguwar gaisuwa, shugaban ya aika aka kira ni, ya sa na tsaya a gefe.

"Likita, yanzu ni za ka kai ƙara wurin na'ura?" in ji shi yana dariya.

"Wane ni, Yaya. Cewa aka yi a riƙa rubutawa."

"Wa ya karɓa maka aure?"

"Kai ne, Yaya."

"To ran nan takarda na ba ka, ko da baki na faɗa aka shafa fatiha? Je ka rufe ka taho, na ba ka izini. Amma ka sauke mini wannan jan abin daga kaina, mutanen hedkwata sun ishe ni da waya."

Na ce, "Yallaɓai, ai danna amincewa ya fi sauƙi, shi ma yana cire jan."

Bai ko dube ni ba. "Malam Akawu, magana ce tsakanin wa da ƙane. Kai dai nuna masa inda ake janyewa."

Likita ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi. "Nuna mini, Malam. Ba zan nemi shaida a kan maganar Yaya ba." Na san abin da ake yi ba daidai ba ne. Amma a wurinmu, ka ce wa na gaba da kai ya rubuta abin da ya faɗa, daidai yake da ka kira shi maƙaryaci a fuskarsa, ni kuma na riga na yi magana sau ɗaya an gwale ni. Da ɗan yatsana na nuna masa wurin, ya danna.

Ya koma ya kulle asibitin, ya taho da iyalinsa. Ba a yi mako biyu ba 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da rana tsaka, suka fasa ƙofar, suka kwashe magunguna da firjin ajiye alluran rigakafi. Hedkwata ta turo kwamitin bincike, tambayarsu ɗaya: wa ya ba shi izinin barin wurin aikinsa?

Shugaban ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Abin da yake a rubuce shi ne ya nemi izini, daga baya ya janye da kansa. Ku duba manhaja." Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin maganarsa, kuma ban taɓa jin ƙaryar da ta kai ta girma ba. Aka ce in karanto abin da ke ciki, na karanto. Sannan na ce ina da ƙari, domin ina ɗakin aka ba da izinin, da kunnena na ji.

Jagoran kwamitin ya zaro wata takarda daga jakarsa. "Malam, wannan ba sa hannunka ba ne? Kai ka koya wa ma'aikata cewa abin da ba a shigar ba, ba a yi shi ba. To da wanne za mu yi aiki, rubutunka ko bakinka?" Aka juya ga Likita. Ya ce, "Ni na janye, da hannuna."

Na zauna na rubuta bayani shafi uku, da rana da lokaci da kalmomin kowa, na miƙa. Aka buga masa hatimi aka sa a fayil, iyakarsa ke nan. Likita aka sallame shi bisa laifin gudu daga bakin aiki, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙauyukan da ba mai yarda a tura shi. Ni kuma aka mayar da ni Safana, wai can aka fi buƙatar ƙwarewata. Shugaban ya zauna daram, har yabo ya samu, domin ofishinsa ba shi da jar buƙata ko ɗaya.

Bayan kaka na gamu da Likita a kasuwar Safana yana auna wake. Na durƙusa muka gaisa, na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa musu gaskiya?"

Ya share bakin tiyarsa da tafin hannu. "Da na tsaya jiran a danna, Malam, da tuni kun yi ta'aziyyata. Ni na tsira da raina, shi ya tsira da kujerarsa. Kai fa, da me ka tsira?" Cikin raha ya faɗa, har da murmushi.

Abin da na koya shi ne, na'ura tana adana abin da aka ba ta ne kawai, kuma mai iko ya fi kowa sanin abin da ba zai ba ta ba. Kunyar da muke taƙama da ita, na ƙasa ne kaɗai ake sa ya biya ta. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini "ni da kai ba sai an rubuta ba", nakan gaishe shi cikin ladabi, in miƙa masa biro. An sha ce mini marar kunya a kan haka, na kuma yarda da sunan.