Injin Ƙaramin Jirgin Baba

Jama'a, ku ji abin da na gani yau a gida.

Tun safe nake fama da tsohon injin ƙaramin jirgin saman wasa na marigayi Baba, irin wanda ake ɗaura wa doguwar wayar ƙarfe ana juya shi a sama. Na zuba mai, na jona batir a fulogi, na yi ta kaɗa farfela. Shiru.

Sai mahaifiyata ta fito daga kicin, ta miƙo min muciya.

Ta ce, "Mai ya yi masa yawa. Matsa."

Ta murɗa allurar da ke daidaita shigar mai, ta kaɗa farfela sau ɗaya. Injin ya tashi!

Na ce, "Hajiya, ina kika koya?"

Ta ce, "Ni nake saita wa marigayi shi a tsakar gidan nan. Shi nasa ya fita fili a tafa masa. Ba ni muciyata."