Katantanwar Dutsen da Na Haƙo, Yaya Isa Ya Ɗauka

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Isa, kuma har yau kishinsa bai sake ni ba.

Mu biyu mahaƙa rijiya ne daga Katuru. Ni ke shiga rami, shi yana sama yana jan guga. A sana'armu, abin da guga ta fito da shi na wanda ya fara ganinsa a hasken rana ne. Wata shekara, ana cikin murnar samun jihar Zamfara, muka je ci-rani wajen Sakkwato. Can ƙasan rami digata ta ɓantaro wata katantanwa da ta zama dutse. Na jefa ta a guga, Yaya ya ɗauka ya sa aljihu.

Wani malamin makaranta a Ƙaura Namoda ya ce dodon koɗin teku ne, irinsa ya ƙare tun kafin mutane su zauna a nan. Teku a ƙasarmu! Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Zurmi, kowa na cewa katantanwar Isa. Ni da na sha zafin rami, ko sannu.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya shiga taka-tsantsan da abin da ke ɗakinsa. Ranar kasuwar Shinkafi na faɗa wa mutum ɗaya tak cewa Isa na shafa dutsen nan kafin ya fara aiki. Ƙarya ce. Cikin mako guda ta koma tsafi. Aka daina kiransa haƙa, aka daina binsa salla. Ya farfasa katantanwar da guduma gaban dattawa, amma maganar ba ta mutu ba sai da shi ya mutu.

Yau yaran makaranta sun san teku ya taɓa kwanciya a yankin nan. Da Yaya yana raye, dariya kawai zai yi, ba zai ce ai na faɗa muku ba.

Bara matarsa Hauwa ta tare ni a zaure. Ta ce, "Ya san kai na kah hwaɗi. Cewa yay yi, ƙanena na, kak ku bari shi gane na sani."

Ni da Yaya shekara uku muka ƙara muna cin tuwo kwano ɗaya bayan ƙaryar da na yi masa, yana turo mini nama. Na so in fi shi ko da a abu ɗaya ne, ga shi har a kabari ya fi ni. Allah ya jiƙan Yaya, ni kuma ya yafe mini.