Waƙar da Rabiou Mai Jita Ya Yi wa Mai Masaukinsa

Duk wanda ya saba ratsa titin Elm da yammacin Asabar ya san Rabiou Hassoumi, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne mai furfura a gemu, yana sa malafa irin ta masu kiwon dawaki, jita rataye a kafaɗarsa. Hausawan Greensboro, wani birni a Amurka, suna ce masa Rabiou Mai Jita. A cikinsu shi kaɗai ya ɗauki kiɗan kantiri, wato waƙar mutanen karkarar Amurka, ya mai da shi sana'a. Abin da ke tafe an tattaro shi ne daga bakinsa da bakin waɗanda suka zauna da shi.

An haife shi a Dogondutsi ta Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa tela ne, kawunsa kuwa makaɗin gurmi, kuma a wurin kawun yatsunsa suka saba da tsirkiya. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da 'yan Nijar suka fara yawa a wannan gari, ya sauka a tashar bas ta tsakiyar birni da jaka ɗaya da gurmin da ya fashe a hanya. Wanda ya zo tarbarsa shi ne Alhaji Younoussa, mutumin Birnin Ƙonni, mai kantin kayan abincin gida: gero, kuka, daddawa da naman halal. Alhaji bai san shi ba. Al'adarsa ce kawai, in aka ce ga baƙo a tasha, ya rufe kanti ya je ya ɗauko shi. A ɗakin bayan kantin Rabiou ya zauna har ya san gari, kuma Alhaji ne ya samo masa aikin share barga a wata gonar dawaki a Summerfield.

A wannan gona ya haɗu da Malachy, wani dattijon Ba'amurke da ke sa wa dawaki takalmin ƙarfe. Rediyon Malachy ba ya mutuwa, kuma ba ya barin tashar kantiri. Da Turancin Rabiou ya fara kama ƙasa, sai ya gane abin da mawaƙan ke faɗa: uwa da aka bari a ƙauye, gona da ta kuɓuce, doguwar hanya. "Na ce ashe su ma suna kewar gida," in ji shi. Malachy ya ara masa tsohuwar jita, ya nuna masa inda ake danna yatsu. Rabiou ya riƙa kaɗa ta da babban yatsa kamar gurmi, kuma wannan salon bai bar shi ba har yau. Malachy ya kuma ba shi ƙa'idar waƙar kamar yadda shi ya fahimce ta: ka faɗi abin da ya sami mutum yadda ya same shi, kada ka yi masa kwalliya.

Ya fara fitowa a wani gidan kofi na titin Elm, inda ake barin duk mai so ya hau ya gwada muryarsa. Baitocinsa da Turanci suke, amshin da Hausa. 'Yan'uwa suka ɗauki abin da dariya. Alhaji Younoussa ne ya raɗa masa Kaboyin Dogondutsi, amma shi ne kuma ya liƙa hotonsa a jikin firjin kanti, yana nuna wa masu sayen nama.

Da tattalin arziki ya karye a wajajen 2009, kantin ya rufe. Alhaji, yana dab da shekara sittin, ya koma tuƙin tasi, ya ƙaura da iyalinsa zuwa wani ƙaramin gida a McLeansville. Abin ya taɓa Rabiou ƙwarai, sai ya yi abin da mawaƙin kantiri zai yi. Ya tsara waƙa a kan mutumin da ya ciyar da baƙi, ya rasa kantinsa, ya hau tsani ya sauke allon sunansa da hannunsa yana hawaye. Ya kuma ambaci sunan Younoussa a cikin amshi. Ya rera ta a wani bikin bazara a filin shaƙatawa, wani ya ɗauka da waya, ta bi wayoyin jama'a har ta isa Ƙonni.

A nan ne kuskuren yake. A ƙasar Hausa, idan mawaƙi ya kama sunan mutum, yabonsa zai yi: asalinsa, kyautarsa, arzikinsa. In kuwa ya ambaci faɗuwarsa a bainar jama'a, sunan abin zambo. Rabiou ya tashi a gaban kawunsa makaɗi, ya san wannan sarai, amma shekarun da ya yi yana sauraron rediyon Malachy sun sa ya auna waƙar da kunnen Amurkawa, waɗanda a wurinsu ba da labarin wahalar mutum girmama shi ne.

Shi da Alhaji sun haɗu a wurin ajiye motoci bayan sallar Juma'a.

"Kaboyi, zo nan," in ji Alhaji.

"Alhaji, barka da Juma'a."

"Me na yi maka? Ƙanena ya bugo daga Ƙonni, wai gaskiya ne na talauce har an sa ni a bakin jita?"

"Wallahi Alhaji, yabo na nufa. A irin wannan waƙar..."

"Yabo? A Dogondutsi haka kuke yabo, a ce dattijo ya hau tsani yana kuka? To, madalla. Na gode da tukwicin masauki."

Ya shiga tasinsa ya ja. Daga ranar, in Rabiou ya gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Hajiya Jimmai, matar Alhaji, ta daina aiko musu da fura ranar sallah, ko da yake matar Rabiou, Sakinatou, ta je ban haƙuri har gida. Mutumin da Rabiou ke ɗauka a matsayin uba a ƙasar nan ya rufe masa ƙofa.

Rabiou ya daina rera waƙar. Ba da daɗewa ba wani mai ƙaramin kamfanin faifai daga Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wanda ya ga bidiyon, ya nemi ya ɗauke ta a faifai, kuma ita kaɗai yake so. Malachy ya ce abin mai sauƙi ne, a canza sunan. Rabiou ya ce babu Bahaushen da ke tsakanin Greensboro da Ƙonni da bai san wanda ake nufi ba, don haka sai da izinin mai labarin. Mutumin Nashville bai sake bugowa ba. Rabiou ya fitar da faifansa na farko da kansa, ba tare da waƙar ba, ya ci gaba da wasa a bukukuwan manoma da gidajen kofi, da safe kuma yana barga. An yi shekaru a haka.

Abin da ya juya lamarin, Alhaji ne ya ba da labarinsa da bakinsa. Wata rana ya ɗauki wata dattijuwar Ba'amurkiya a tashar bas. Ta karanta sunansa a katin da ke maƙale a gaban mota, ta ce, "Kai ne Younoussa na cikin waƙa?" Ya ce ya zaci ita ma dariya za ta yi. Sai ta gaya masa cewa da masaƙar da mijinta ke aiki ta rufe, mutumin ya zauna a gida ya daina magana da kowa. Bidiyon waƙar ya riƙa kallo, har ranar da ya ce in wancan dattijon zai iya tashi da asuba ya kama sitiyari, shi ma zai iya. Yanzu yana tuƙa motar 'yan makaranta. Ta tambaya me ya sa mawaƙin ya daina rera ta.

Alhaji ya ce maganar tashi da asuba ce ta tsaya masa, domin shi bai san akwai ta a waƙar ba. Bai taɓa jin ta har ƙarshe ba. A baitin tsani ya kashe wayar.

Da hantsin wata Asabar tasinsa ta tsaya a bakin bargar Summerfield.

"Kaboyi, ajiye manjagaran nan, ɗauko jitar."

Rabiou ya ɗauko, Alhaji ya zauna a kan damin ciyawa, ya sa shi ya rera waƙar har ƙarshe. Baiti na ƙarshe yana cewa har yanzu mutumin yana tashi da asuba, kuma in baƙo ya sauka a tasha bai san kowa ba, wannan tasin ce ke ɗaukarsa ba tare da an kunna mita ba. Da aka gama, Alhaji ya juya ya kalli dawakin.

"Da farko dai, ban yi kuka ba," in ji shi. "Ƙurar allon ce ta shiga mini ido."

"To Alhaji, sai in cire."

"Wa ya ce ka cire? Bar shi, matar nan ta ce mijinta yana son wurin. Amma wace irin waƙa ce wannan, mutum ba uba ba gari, kamar daga mota ya faɗo? Ni ɗan Alassane ne, mai fatauci da raƙuma, jikan limamin unguwa a Ƙonni. Kawunka bai koya maka komai ba?"

"Ya koya mini, Alhaji."

"To, sa su."

A kan wannan damin ciyawa aka ƙara baitin Hausa, na asali da kirari, a tsakiyar waƙar kantiri. Malachy, da ke gefe yana gyaran kofaton wata goɗiya, ya ce bai ji kalma ɗaya ba, amma a bar shi a ciki.

Da wannan baitin aka ɗauki waƙar a faifai na biyu. Ba ta mai da Rabiou attajiri ba, kuma Nashville ba ta sake nemansa ba. Sai dai ƙananan gidajen rediyon yankin suna sa ta, gayyata ta ƙaru har ya rage aikin barga zuwa rabin mako, kuma Hausawan da suka yi masa dariya a da yanzu suna kiransa bukukuwan suna, kowa na so a ambaci kakansa. Furar Hajiya Jimmai ta dawo.

Alhaji Younoussa ya ajiye tuƙi. Mafi yawan Asabar yana zuwa gidan kofin titin Elm, ya zauna a teburin gaba da hularsa, ya sa a kawo masa shayi. A baitin tsani yakan sunkuyar da kai yana juya cokali. In aka zo kan sunan Alassane, sai ya ɗaga hannu sama ya juya ya dubi jama'a, don kowa ya san wanda ake nufi.