Tokar Kakana

Jiya a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wani ya zauna kusa da ni, rigarsa na warin man bindiga. Wallahi har na wuce tashata, don warin Kakana ne sak.

Kakana ɗan maharbi ne. Lokacin da kuɗin fetur ya zo, gwamnati ta turo shi kwas Landan, wani Bature a ofis ya ja shi gasar harbin nesa a bayan gari. Nisan da abin harbin ke komawa kamar ƙwayar gero. A zamaninsu babu na'ura. Ka kwanta rub-da-ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa, wasu mutane can cikin rami su nuna maka da sanda inda harsashinka ya faɗa. Iska kuwa kai da idonka. Shi Kaka da 'yar jakar fata cike da toka yake zuwa, irin ta babansa. Ya ɗiba da yatsu biyu, ya saki, ya ga inda ta bi. Turawa suka yi ta dariya, har ranar da ya cinye su kaf.

A nan Landan ya yi zamansa. Ina shekara goma, duk Asabar ɗin summer sai ya ɗauko ni daga unguwarmu Stratford mu tafi filin harbin. Idonsa ya fara tafiya, babana bai taɓa kula abin ba, ni kaɗai na rage masa.

"Amarya, zo ki ga iska."

"Kaka, ai ba a ganin iska."

"Kin ji ko? Shi ya sa zan sake ki. Buɗe hannu."

Ni sanyi nake ji, chips nake so. Kullum sai in ce sati mai zuwa.

Da ya rasu, council masu gidan suka ce mu kwashe flat ɗinsa. Na zazzage tokar a shara kar ta ɓata akwati, na riƙe jakar don ta yi mini kyau.

Bara na yi booking na koma filin. Babu mutanen rami, allo ke nuna harbinka, kowa na auna iska da waya. Wani tsohon Bature ya hango jakar a wuyana, ya dogaro sanda ya zo.

"Jikar mai toka ce? Yau iska na wasa da mu, zo ki karanta mana."

Toka ai ko'ina akwai ta. Ko da jakar cike take, ban san me zan gani ba. Sai na ce masa bari in duba waya.