Kwalbar Man Kifi da Na Saya wa Mai Jego

Akwai abin da ya same ni tun ina da ƙuruciya wanda har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. Duk ranar da na ga kwalbar maganin ƙarin ƙarfi a hannun wani, sai in ji warin ruɓaɓɓen kifi a hancina, kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi abin.

A lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, ni kuwa ina cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka yi elementare a unguwarmu a Sakkwato. Aji huɗu kawai na yi, amma duk takardar boko da ta shigo unguwa ni ake kawo wa. Ga ni kuma da wasiwasi. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta, in na yi alwala sai na sake. Ina ganin mutum mai bincike irina ba wanda zai cuce shi.

Mai ɗakina ta yi haihuwa ta biyu, ta zubar da jini da yawa. Har aka yi suna ba ta dawo daidai ba. Tafin hannunta fari fat, in ta miƙe jiri ya kwashe ta, nono kuma ya ƙi zuwa sosai. Jaririyar tana kuka har muryarta ta dushe. Na kasa cin abinci, tunanina ɗaya: kada in rasa su duka biyu.

Ina cikin wannan hali na ci karo da wani mutum a kasuwa. Ya sa baƙar kwat a tsakiyar bazara, zufa na bin wuyansa, ga tabarau a kan hanci wanda yake kallon mutane ta samansa. Ya jera kwalabe a kan akwati, yana cewa ya yi aiki da likitan Turawa a Ikko, wannan man kifi ne daga Ingila. Wai yana ƙara jini, yana kawo nono, yana maganin ciwon baya da makanta da mantuwa, yana mayar da tsoho saurayi. Yau in na tuna sai in ce, da ma ya ƙara da tayar da matattu ya cike. Amma a ranar manyan mutane masu rawani suna ta miƙa hannu, ni ma na kutsa.

Na ɗauki kwalba ɗaya, ga takarda manne da hoton jirgin ruwa da kifi. Na karanta a hankali, harafi bayan harafi, na ga lalle an rubuta man hantar kifi, an kuma rubuta Ingila. Mutumin ya ɗaga murya ya ce, “Ku dubi mai ilimi! Malam, hwaɗa musu abin da ka gani.” Na faɗa musu. Kaina ya kumbura. Mutum huɗu suka saya saboda bakina, kuma wannan yana cikin abin da nake roƙon gafara a kansa har gobe.

Da zan tafi ya ja ni gefe ya ce maganin Turawa ba ya haɗuwa da cimarmu. Kada mai jego ta ci hanta, ko zogale, ko nonon shanu, in ba haka ba maganin ya karye. Sai daga baya na gane dabarar: in abin bai yi aiki ba, laifin na mai saye ne, ya ci abin da aka hana.

Kada a ce ban yi bincike ba. Na yi, irin na wawa. Na je wurin limaminmu na tambaya ko kifin teku halal ne. Na koma kasuwa na sa mutumin ya rantse babu giya a ciki, na sake komawa ya rantse babu kitsen alade. Duk tambayar duniya na yi, ban da guda ɗaya: shin abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da takardar ta faɗa?

Na hana a ba ta farfesun hanta, na hana zogale, na tsaya a kanta da cokali safe da rana da yamma. Tana sha tana yunƙurin amai.

“Malam, wanga abu wari shikai,” in ji ta.

“Haka na Turawa shike. Ke mi kinka sani?”

Ta haɗiye. Kwana goma sha biyu muna haka. Zawo ya kama ta, ɗan nonon da ke zuwa ya ɗauke, sai wata maƙwabciyarmu mai goyo ce take shayar da jaririyar. Ni kuwa maimakon in zargi kwalba, sai na riƙa zargin an ba ta zogale a ɓoye.

Ran nan da hantsi Gwaggo ta zo dubiya, ƙanwar mahaifina, wadda sana'arta matsar man gyaɗa, wadda muke kira gujiya, da yin ƙuli-ƙuli tun kafin a haife ni. Ta dubi mai jego ta yi salati, ta ce a kawo mata abin da ake ba ta. Na kawo, na fara karanta mata takardar.

“Riƙe karatunka, ɗan boko. Miƙo.”

Ta ɗaga kwalbar ga rana, ga gurɓi kwance a ƙasa. Ta kankare bakin da farce, ta ce da kakin zuma aka liƙe shi, irin wanda ake saya a nan kasuwa. Ta ɗiga a tafin hannu, ta murza, ta shinshina, ta lasa, ta tofar.

“Wanga man gujiya na. Ba ma na kirki ba, na gindin tulu na, wanda nika ba masu fitila. An jiƙa busasshen kifi ciki. Ingila! Kai da kanka ka taɓa kai shi ga harshe?”

Ban taɓa ba. Kwana goma sha biyu ina ɗura wa mace marar lafiya abin da ban ɗanɗana ba.

Ta ja mayafi ta ce in wuce gaba. Muna isa kasuwa ta tsaya, ta ƙare wa mai kwat kallo, ta tafa hannu.

“Kai na? Ba kai ka zuwa gidana sayen gurɓin mai ba, ka ce fitilar masallaci za ka zuba ma? Ashe nan masallacin shike!”

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ya fara wani Turanci wanda ko ni mai aji huɗu na san ba Turanci ba ne. Gwaggo ta cika 'yar ƙwarya da man ta miƙa masa ta ce ya shanye. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. “Awo,” in ji ta, “don ba ka sha ba.” Masu rawanin da ke wurin na ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na gyara riga kamar wucewa yake yi. Washegari ba mai kwat, ba akwati. Aka ce kwalaben daga jujin bariki yake tsinto su da takardunsu.

Na kai ragowar wurin malamin asibiti. Bai ko yi mamaki ba. Ya ɗauko na gaskiya ya nuna mini: garau yake, ba gurɓi, bakinsa a rufe da hatimin da in an ɓalle ba ya komawa, ƙarninsa na ɗanyen kifi ne, ba ɗoyi ba. Ya ce ko shi na gaskiyar taimako ne kawai ga abinci, mai jegon da ta zubar da jini hanta da ganye da nama take bukata. Wato abin da na hana ta.

Gwaggo ta tare a gidanmu, ta karɓe tukunya. Sai da aka yi wata guda kafin jini ya dawo fuskar mai ɗakina, nono ya biyo baya. Yarinyar ta rayu, amma ta daɗe tana ƙanƙanuwa a cikin sa'anninta, kuma duk lokacin da na dube ta na san aikin wane ne.

Abin da na koya shi ne, takarda ba ta san abin da aka zuba a bayanta ba. Tun daga ranar, kowane maganin ƙarin ƙarfi aka kawo mini, sai na dubi hatiminsa, na ɗaga shi ga haske, na tambayi inda ya fito da wanda ya san irinsa. Wanda aka ce yana maganin komai, ko aka ce sai an bar abinci, ko mai sayarwa ya ƙi sha a gabana, ba ya shiga gidana. Wasiwasina bai ragu ba, na dai koya masa inda zai riƙa dubawa. Karatuna ya kusa kashe mini mata da 'ya, hancin tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba ya cece su.