Layukan da Na Goge a Jikin Jirgin Baba

Aikina fentin mota ne, a wani gareji da ke Shango, kuma duk wanda ya yi aiki tare da ni ya san halina. Idan na sallami mota sai na bi ta da ido har ta sha kwana, ina tunanin ko na bar wani tabo a ƙasan ƙofa. Maiɗakina takan ce ko shayi zan sha sai na leƙa gindin kofin.

Surukina, wanda nake kira Baba, manomin doya ne a Gwada, amma da ƙuruciyarsa ya yi aikin sojan sama lokacin yaƙin basasa. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Yana cikin masu zuba masa mai da duba shi kafin ya tashi. Akwai wani koɗaɗɗen hoto a ɗakinsa, yana tsaye kusa da jirgi mai buɗaɗɗen hanci kamar bakin tarwaɗa. Bayan ciwon da ya kwantar da shi, aka dawo da shi Tudun Fulani gidan babban ɗansa. Ƙafa ta warke, ido ya yi rauni, hira kuma ta ɗauke. Da can "Uwata" yake ce wa maiɗakina, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Yanzu in ta gaishe shi sai ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙuwa. Duk ranar da muka dawo daga wurinsa, abinci ba ya shiga bakinta.

Wata rana mai gwanjon da ke baje kaya a bakin garejinmu ya kwance dila, sai na hango wani kwali da hoton jirgin nan mai bakin tarwaɗa. Na buɗe, ba jirgi a ciki, sai ƙananan guntayen roba maƙale a jikin wasu sanduna kamar ƙashin kifi, da takarda mai zane. Ya ce tun safe iyaye ke ɗauka suna ajiyewa, wai abin wasan ya farfashe. Ni kuwa na gane bai fashe ba, ba a haɗa shi ba ne. Na tafi da shi gida ina tunanin ko Baba zai ce wani abu in ya riƙe shi.

Turancin takardar ya fi ƙarfin karatuna na firamare, don haka zanen na bi. Da reza nake yanko kowane guntu, in gwada shi a bushe kafin in sa gam. Abin ya riƙa ba ni mamaki. Kujerar matuƙi ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma har da madaurinta. Me ya sa fikafikan suka karkata baya? Ina iskar da ke shiga hancin take tafiya? Akwai kuma ɗan mutum-mutumin matuƙi. Wannan ya hana ni sukuni, don ban san hukuncin ajiye shi a gida ba. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce wasu malamai sun sassauta, wasu ba su sassauta ba. Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba, sai na mayar da shi kwali.

Da gangar jikin ta haɗu, na shafa ta da tafin hannu kamar yadda nake wa mota. Sai na ji wasu siraran layuka sun ratsa ko'ina, da ƙananan ɗigo jere a gefensu. A sana'armu duk abin da hannu ya ji, ido zai gan shi bayan fenti. Na ce lallai injin da ya buga robar ne ya bar aibu. Na kwaɓa fila, wato ƙullun da muke cike lotsawar mota da shi, na toshe su duka, na bi da sanfefa mai laushi har jikin ya yi sumul. Na fesa ruwan azurfa sama-sama don kada tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, ta cinye robar, na goge shi yana ɗaukar ido kamar sabuwar tukunya.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka kai masa. Yana zaune a kan tabarma a ƙarƙashin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ku duba wannan."

Ya karɓa, ya kawo shi kusa da fuska, sannan ya bar ido ya koma ga yatsu. Ya shafa hanci, ya shafa baya, ya juya cikin. Farcensa na neman wani abu, yana zamewa. Can ya miƙo mini shi.

"Ta ina za a zuba masa mai?"

Na juya jirgin ina neman wurin, ban gani ba. Ya juya kai ya ci gaba da kallon kaji. A hanyar komawa maiɗakina ta ce in bar shi haka, ai na yi ƙoƙari. Ni kuwa tambayar ce ta tsaya mini a rai. A gida na ɗauko kwalin na ƙura wa hoton ido, sai ga layukan nan a jikin jirgin gaske. Ashe ƙofofi ne da mahaɗar faranti, ɗigon kuma kan ƙusoshi ne. Duk wuraren da hannun Baba ya sani su na toshe.

Babu yadda zan san inda kowane layi yake, don takardar ba ta nuna duka ba. Dole na koma wurinsa da allurar ɗinkin buhu da na wasa bakinta, ina jin nauyi, don ban saba doguwar magana da suruki ba. Na ce na yi kuskure, ya nuna mini inda murfin man yake. Ya karɓi jirgin ya shafa bayansa. Sannan ya ɗora farce a bayan wurin zaman matuƙi ya ce nan. Na ja layi a kan fentin da na sha wahala a kansa.

Haka muka riƙa yi duk Juma'a. Shi ya nuna, ni in tsaga. Maganarsa gajeriya ce, amma in na yi tambaya yakan amsa. Ya ce iskar hanci rabuwa take biyu ta wuce gefen matuƙi ta isa inji. Ya ce ƙasan hancin, inda bindigogi suke, kullum baƙi ne da hayaƙi, wutsiya kuma ta ƙone kamar gindin kasko. Ya ce akwai wuri a gindin fiffike da takalmansu suka cinye. Na ce ko za a iya barin jikin da tsabta. Ya ce jirgin da ke da tsabta bai je ko'ina ba.

Wannan ya fi tsaga layin wuya a gare ni. Na kankaro baƙin tukunya daga madafa, na ɗiba da tsinke mai auduga, na tsaya. Tunda na fara sana'a datti nake cirewa. Maiɗakina da ke tsince shinkafa a gefe ta ce, "Malam, in ba za ka iya ba, ba ni, ni kullum da shi nake wuni." Na shafa. Na ƙara da bakin fensir a gefen ƙofofi. Wani abin mamaki, da dattin ya hau sai jirgin ya yi kamar ya ƙara nauyi.

Na gaya wa Baba cewa ban sa matuƙin ba, ina fargabar zai ce aikin bai cika ba. Ya ce shi duk lokacin da jirgi ke hannunsa babu kowa a ciki.

Ranar da na kai shi a gama, ya bi layukan da farce ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a murfin mai. Sai ya kai shi hanci ya shinshina, ya ɗan yamutsa fuska. Na tambayi abin da ya rage. Ya ce nasu warin kananzir yake yi. Maiɗakina ta tashi ta shiga madafar matar yayanta, ta dangwalo kananzir a bakin tsumma. Na so in hana, don ban san abin da zai yi wa fentin ba. Sai dai na ƙyale ta. Ta durƙusa a gabansa ta shafa kaɗan a wutsiyar.

Baba ya sake shinshinawa. Ya ɗora jirgin a gwiwarsa, hancin na kallonta, ya daɗe yana dubanta ita da shi.

"Uwata, matsa daga gaban hancin nan. Yana zuƙe ɗankwali."

Ta dafe ɗankwalin da hannu biyu, ba ta matsa ba. Shi ya fara dariya. Ni kuwa ina kallon wutsiyar, inda kananzir ya ɗan dusar da azurfar, kuma ban ɗauko tsumma na goge ba.