Motar Kawu da ba ta tashi sai da turi

Jiya bayan la'asar na tarar da Kawu Bukari zaune cikin motarsa a warsharsa, wato garejinsa, da ke unguwar Khumra, hannu a kan sitiyari, injin a kashe.

Tsohuwar motar Ingila ce, koriya, mai kujera biyu, ba rufi. Tun ina yaro ba ta tashi sai da turi. A da, duk Juma'a abokansa masu irin motocin nan sukan taru a nan, su tura ta suna yi masa tsiya, sannan su jera zuwa bakin teku.

Na ce, "Kawu, kai fa bakanike ne. Me ya hana ka gyara ta duk shekarun nan?"

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, gyaran ba ya cin awa guda. Amma da na gyara, da me zai kawo su?"

Na tambaye shi ina suke yanzu. Ya ce Ammi Saleh ya rasu a Sha'aban, Usman ya koma Kano wajen 'ya'yansa, abokinsa na unguwar Sharafiyya kuma ko masallaci sai an riƙe shi.

Na ce, "Yalla, bari in tura."

Ya girgiza kai. "Halas, bar ta. Ko ta tashi, bayan wa zan bi?"

Sai da na kama shi sannan ya iya fitowa, gwiwa ta ƙi.

In kuna da dattijon da ke jiran masu turi, ku faɗa mini me ake ce masa.